Zaman Gungu a Yawuri da Sikotilan

Mutumin Kunci, wanda gonarsa ta ke iyaka da ta maƙwabci ta kowace fuska, zai yi mamakin ƙauyen da ruwa ya kewaye. Irin wannan wuri shi a ke kira gungu, watau tsibiri, akwai shi kuwa a ƙasarmu.

A ƙasar Yawuri, cikin kogin Kwara, akwai waɗansu mutane da Hausawa su ke kira Gungawa, su kuwa suna ce da kansu Reshe. Da can yawancin ƙauyukansu bisa gungu su ke. Da damina su yi gero da dawa, da rani su yi albasa a bakin ruwa, kwalekwale kuwa shi ne jakinsu. Cikin 1964 aka soma gina madatsar Kainji saboda wutar lantarki, aka gama cikin 1968. Ruwan da ya taru ya haɗiye gungu da yawa, har da tsohon garin Busa, inda Mungo Park, mutumin Sikotilan, ya halaka cikin 1806. Wajen mutum 44,000 aka tayar, aka gina musu sababbin gidaje a tudu.

Can ƙasar su Park kuma akwai wani tsibiri, sunansa Hirta, mil 40 cikin teku yamma da Uist ta Arewa. Da can ƙauye ɗaya ne tak a bakin gaɓarsa. Suna noman sha'ir da dankali, suna kiwon tumaki, amma babban abincinsu tsuntsayen teku ne. Maza kan ɗaura igiya a ƙugu, su sauka gefen duwatsu masu tsawo su kamo su, ɗaya na riƙe da ɗaya. Kowace safiya su kan taru su raba aikin yini. Cikin 1697 sun kai wajen 180. Cikin 1852 mutum 36 suka tafi Ostareliya, sa'an nan samari suka yi ta fita, har masu riƙe igiya suka ƙaranta. Waɗanda suka rage suka roƙi gwamnati ta kwashe su, ran 29 ga Agusta 1930 aka ɗebe su, su 36.

To, Gungawa ruwa ne ya ci musu ƙasa, mutanen Hirta kuwa ƙasarsu tana nan, hannu ne ya ƙare. Saboda haka malamin da a ka tura ƙauye ya kamata ya lura da abu biyu: abin da mutane su ke ci daga gare shi, da yawan samarin da su ke fitowa gayya.