Ko Kun Sani? Sa'adu Zungur Bai Ga Ranar 'Yancin Da Ya Yi wa Fafutika Ba

Malam Sa'adu Zungur, haifaffen Bauchi, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, bayan ya gama Kwalejin Katsina. Ya koyar a Zariya, amma ciwon huhu ya tilasta masa komawa gida.

Jinya ba ta sa ya ajiye alƙalami ba. A Bauchi ya shiga sahun gaba na masu zaman tattaunawa kan halin da talaka yake ciki, kuma a nan Malam Aminu Kano ya kwankwaɗi ra'ayinsa. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC.

Da waƙar "Maraba da Soja" ya tarbi sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. A "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya" kuwa ya gargaɗi sarakuna da jama'a kan jahilci da zalunci.

Ya rasu a 1958 yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, kafin 'yancin 1960. Yau jami'ar Jihar Bauchi da ke Gaɗau sunansa take amsawa. Allah ya jiƙansa.