Gyaran Manhaja Ba Laƙani Ba Ne

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin samarinmu da suka fara ɗanɗana rubuta manhaja, tun daga masu shagon gyaran waya a Ƙwanni har ɗaliban da ke zuwa hutu daga jami'ar Tawa, kuma na gaji da jin ta. Wai in ka gano kuskure a cikin manhajar da ake bayarwa kyauta, ka hana idonka barci ka gyara shi, to kul ka aika wa masu ita, domin Turawa za su kwashe guminka su sayar, ko sannu ba za ka samu ba. Wai wayo shi ne ka ƙulle gyaran a kwamfutarka, duk wanda matsalar ta addaba ya zo ya ajiye jika biyu ka taɓa masa. Mai faɗin haka har wani ɗaga kafaɗa yake yi, shi ga wanda ya gano asiri. Ni kuwa abin da nake gani, yaro ne mai basira yake tauye kansa da hannunsa.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun cikinta a fili, lasisinta ya yarda kowa ya karanta, ya canza, ya raba. Faci kuma ƴan layukan nan ne da ka canza don toshe kuskure. VLC da kake kallon fim da ita, Firefox, LibreOffice, da Linux da ke ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihun mai sayar da albasa a Galmi, duk irinsu ne. Haka DHIS2, wadda jami'ar Oslo ke jagoranta kuma ma'aikatan lafiyar Nijar ke shigar da alƙaluma a cikinta, da KoboToolbox da ƙungiyoyin agaji ke ba matasa su shiga ƙauyuka tattara bayanai. WhatsApp ba ta cikin wannan sahu, a rufe take. Shi kuwa GB WhatsApp da ake tura wa juna a kasuwa, ɓarkakken kaya ne da ba ka san hannun da ya jagwalgwala shi ba, kada a haɗa shi da zancenmu.

To, mu koma ga satar da ake tsoro. Mafi yawan waɗannan ayyuka ana ajiye su ne da wata manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, shi ɗin dai da ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi mai shekara 21 a Helsinki ta ƙasar Finlan. Duk canjin da aka karɓa, Git na rubuta sunan wanda ya yi shi da ranar da ya yi, kuma duk wanda ya kwafi aikin a ko'ina a duniya ya kwafa har da wannan tarihin. Ba takarda ɗaya ba ce a aljihun tebur ɗin wani da gara za ta cinye. Yau ana iya buɗe tarihin Linux a ga sunan wanda ya gyara layi guda shekara goma sha biyar da suka wuce. Kai da ka ɓoye naka, ina shaidarka? Ranar da wani a Dakar ko Kano ya ci karo da kuskuren nan ya aika gyara, sunansa za a rubuta, kuma ya cancanta.

Ba zan yi wa kowa rufa-rufa ba. Gaskiya ne kamfanoni na cin kuɗi da buɗaɗɗiyar manhaja. Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, yana tilasta wa duk wanda ya raba manhajar ya bayar da rubutun cikinta har da abin da ya canza. Wasu lasisin kuwa, irin su MIT da Apache, sun yarda kamfani ya ɗauka ya zuba a kayansa na sayarwa ya rufe. Amma ka ɗora abin a sikeli. An ba ka aikin dubban mutane na shekara da shekaru, ba ka biya ko dala ba, ka koyi sana'a da shi, kana cin abinci da shi. Layi goma da za ka mayar ne ya zama zalunci? Wannan rowa ce, mu kira ta da sunanta. Mu da aka tarbiyyantar da mu a kan cewa ilimi mai amfani sadaka ce mai gudana, bai kamata a ce ɗan Finlan ne zai koya mana sakin hannu ba.

Ko ka ajiye zancen lada a gefe, ɓoyon ba ya biyan mai shi. Manoman fadamar Ƙwanni sun san wannan. Ruwansu daga madatsun Mozage da Zongo yake gangarowa ta babbar magudana kafin ya rarrabu cikin gonaki. In magudanar ta tsage can sama, kai kuma ka tsaya kana ta liƙe bakin gonarka da laka ba ka gaya wa masu kula da ita ba, duk ranar da aka sako ruwa sai ka sake liƙewa. Haka gyaran da ka riƙe yake. Masu manhajar za su fitar da sabon zubi, Firefox duk bayan ƴan makonni take yi, kuma sabon ba ya ɗauke da facinka tunda ba su san da shi ba. Ka sabunta, gyaranka ya tafi. Ka ƙi sabuntawa, ka zauna da tsohon zubi mai ƙofofin da ɓarayi suka riga suka sani, ka kuma zaunar da mutanen da suka amince da kai a kansa. Na ga wani ofishi a yankin nan da aka bari a haka. Yaron da ya yi musu dabarar ya tafi ci-rani, babu wanda ya san abin da ya taɓa, suka wayi gari suna tsoron danna komai.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ainihin abin da ke cikin zuciya. Mafi yawan canje-canjen da ke shiga Linux a yau ma'aikata ne masu albashi ke rubuta su, daga kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat. Shi Red Hat ɗin, wanda kasuwancinsa kaf a kan buɗaɗɗiyar manhaja yake, IBM ta saye shi a 2019 a kan dalar Amurka biliyan 34. Mai neman ma'aikaci daga nesa bai san makarantar da ka yi a Malbaza ba, ba zai iya tantance takardarka ba, amma yana iya buɗe facin da ka aika ya ga yadda kake tunani, ya ga yadda ka amsa da aka ce ka sake. Akwai ma shirye-shiryen da ke biyan sababbin hannu, irin Google Summer of Code da aka fara a 2005, da Outreachy da ke ba mata da waɗanda aka bari a baya muhimmanci. Ba na ce faci ɗaya zai kawo maka albashi ba. Amma jika biyun da kake karɓa a shago ba za ta taɓa kai ka inda wannan hanyar ke iya kai ka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, akwai kurakuran da in ba mu ba, babu mai ganinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke zaune a Oslo ba zai taɓa rubuta sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ ya ga allon ya fito masa da akwatin banza ba. Bai san cewa a Nijar muna rubuta ƴ, a Najeriya kuma suna rubuta 'y ba, don haka mai neman «ƴaƴa» ba zai sami abin da aka ajiye da ɗaya rubutun ba. Bai san fam ɗin da ke ƙin lambar waya mai alƙaluma takwas ba, ko wanda ke ɗaukar Nijar a matsayin Najeriya saboda sunayen na maƙwabtaka a jeri, ko wanda ke rikita Illelar jahar Tawa da Illelar Sakkwato da ke ƙetaren iyaka daga Ƙwanni. Bai san manhajar da ke zubar da duk abin da ka shigar da zarar layi ya yanke ba, domin nasa layin ba ya yankewa. A watan Maris na 2025 hukumomin Yamai suka ayyana Hausa harshen ƙasa. Madalla. Amma doka ba za ta sa ƙ ta fito daidai a allon likita ba, sai wani ya zauna ya gyara ya aika.

Kuma wa ya ce maka gyaranka daidai ne? A ƙarshen 2011 an karɓi wani faci a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin shafukan intanet da yawa. Ƙwararre ne ya rubuta, ƙwararre ya duba, duk da haka kuskure ya sulale, ba a gano shi ba sai 2014, aka sa masa suna Heartbleed, duniya ta yi ta canza kalmomin sirri. In abin da aka duba ya yi haka, ina ga naka da ba idon da ya taɓa gani?

Na san akwai ɗaukewar wuta, da tsadar data, da Ingilishin da yawancin ayyukan ke amfani da shi alhali mu Faransanci muka karanta. Waɗannan uzuri ne na jinkiri, ba na ɓoyo ba.

Yanzu ga wanda ya yarda zai aika. Kafin ka taɓa komai, tabbatar kuskuren yana nan a zubi na baya-bayan nan, domin sau da yawa an riga an gyara, kai ne ke riƙe da tsohon kwafin da aka tura maka ta katin waya. Sannan ka bincika jerin ƙorafe-ƙorafen aikin, a GitHub ko GitLab ko duk inda suke ajiyewa, ko wani ya riga ka faɗa. In ya riga ka, ƙara bayaninka a ƙarƙashin nasa, kada ka buɗe sabo. Kusan kowane aiki yana da takarda mai suna CONTRIBUTING da ke bayyana yadda suke son a kawo musu gyara. Karanta ta, ƙanena, har ƙarshe. Wasu ta shafin suke karɓa, masu Linux kuwa har gobe ta imel suke so, kuma sai ka sa layin shaida cewa kana da haƙƙin bayar da abin da ka aiko. Wanda ya tsallake wannan ya faɗa gidan mutane ba sallama.

Wajen bayanin kuskuren, «ba ya aiki» ba bayani ba ne. Faɗi irin na'urarka, da lambar zubin, da abin da ka danna ɗaya bayan ɗaya, da abin da ka sa ran gani, da abin da ya fito. In harafi ne, rubuta harafin kansa da lambarsa ta Unicode, misali ƙ ita ce U+0199, ɗ kuma U+0257, domin mai karantawa ba shi da su a madanninsa. In za ka sa hoton allo, goge sunayen mutane da lambobinsu tukuna. Wannan ya fi shafar masu aiki da bayanan marasa lafiya ko na masu karɓar tallafi, amana ce a hannunku, kuma abin da ka ɗora a can kowa na gani.

Faci ɗaya, matsala ɗaya. Kada ka je gyara lambar waya ka ga salon rubutunsu bai yi maka ba ka bi layi ɗari kana sakewa. Mai dubawa, wanda sau da yawa ɗan sa-kai ne da ke yi bayan ya taso daga aikinsa, zai ga tulin ya ajiye sai wata rana, wata ranar kuma ba ta zuwa. Bi salon da ka tarar. In aikin yana da gwaje-gwaje, kunna su kafin da bayan gyaranka, in kuma za ka iya, ƙara gwaji ɗaya da ke faɗuwa ba tare da facinka ba. A saƙon da ke rakiyar facin, faɗi dalili. Abin da ka canza suna gani da idonsu, abin da ba su sani ba shi ne me ya sa. Ingilishinka ba sai ya yi kyau ba, gajerun jimloli sun wadatar.

Don Allah kuma kada a kai mana abin kunya. A Oktoban 2020, saboda rigar da ake ba wanda ya aika gyara huɗu a gasar Hacktoberfest, mutane suka cika ayyuka da gyaran banza, wannan ya ƙara aya, wancan ya sa sunansa, har aka canza dokar gasar. A 2021 masu Linux suka dakatar da karɓar gyara daga jami'ar Minnesota ɗungurungum, saboda wasu masu bincike a can sun gwada cusa faci mai lahani da gangan. Yanzu kuma sabon salo ya shigo, mutum ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa abin da bai fahimta ba ya tura, har mai kula da manhajar curl, Daniel Stenberg, ya sha fitowa yana kokawa da irin waɗannan rahotanni. Layin da ba za ka iya kare shi ba in an tambaye ka, kada ka aika.

Wanda ba ya rubuta manhaja ma yana da wurin sa hannu. Ana gyara fassarar Hausa a Pontoon na Mozilla da translatewiki da Weblate, ana ba da murya a Common Voice, ana gyara sunan gari da hanya a OpenStreetMap. Malamar makaranta a Badagishiri ko Dogarawa ta fi kowa sanin yadda ake rubuta sunayen ƙauyukan da ke kewaye da ita.

Bayan ka aika, za a iya cewa ka sake, sau biyu ko uku. Rubutun ake gyarawa, ba kai ake zagi ba, ka amsa kowace tambaya ka tura sabo. In an yi shiru, bari mako ɗaya ko biyu ya wuce sannan ka tuna musu da ladabi, a wurin da ka aika, ba ta bin mutum a asusunsa na kansa ba. Abu ɗaya ne kawai ba a kaiwa fili: in kuskuren da ka gano na iya ba ɓarawo damar shiga, nemi takardar SECURITY ko adireshin da suka keɓe don haka, ka aika musu a asirce, ka ba su lokaci su toshe kafin ka gaya wa kowa.