Kafin ku biya kuɗin fuloti, ku je ku gan shi da damina

Yau za mu fita daga kantin magani mu leƙa bayan gari, kodayake a kantin maganar ta samo asali.

Akwai wata baiwar Allah, malamar makaranta da ta yi ritaya, da ke karɓar maganin hawan jini a wurina kusan shekara uku. Jininta ya daidaita har muna yi mata barka. Kwanakin baya ta shigo, da na gwada sai na ga 170 bisa 100. Na ce, "Mama, kin daina shan maganin ne?" Ta ce, "'Yata, ko kwana ɗaya ban tsallake ba, barci ne ya ƙaurace mini." Ashe kuɗin sallamarta ta kwashe ta sayi fuloti da rani a hannun wani mutum. Da ruwan Agusta ya sauka wurin ya zama tafki. Ana cikin haka sai ga wasu mutum biyu sun ce gonar gadon mahaifinsu ce, ɗan'uwansu ya sayar ba da saninsu ba.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a garin Lafiya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 garin ya zama babban birninta, gonaki ke komawa fulotai. Zuwan Jami'ar Tarayya ya ƙara wa ƙasa daraja, yanzu ko'ina ana yanka fili: hanyar Makurdi, hanyar Shendam, wajen Shabu da Kwandare. Mu a sana'armu ba ma ba da magani sai mun duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Fuloti ma haka yake, akwai abubuwan dubawa kafin a zaro kuɗi.

Wane ne mai sayarwa?

Kada ku tsaya a kan dillali, shi la'adarsa yake nema. Ku nemi ganin mai filin ido da ido, ku duba ko sunan da ke katin shaidarsa shi ne a takardar filin. Ku tambaye shi yadda ya same shi: saye, kyauta ko gado? In saye ne, ina takardar cinikin farko? In gado ne, an raba? Ku nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuma duk magada, har da mata, su sa hannu. In filin dangi ne, sai shugaban gidan da manyan 'yan'uwa sun amince. Sannan ku koma unguwar wata rana ba tare da dillalin ba, ku gaisa da maƙwabta da mai unguwa, ku tambaya ko an taɓa rigima a kan wurin. Abin da mai sayarwa ya ɓoye, mai shayin bakin layi ya sani.

Me gwamnati ta rubuta a kansa?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Don haka sa hannun mai unguwa shaida ce mai kyau, amma ba ita ce takardar mallaka ba. Ko filin yana da takardar C of O, doka ta ce sai da amincewar Gwamna mallakar ke komawa sunan mai saye. A jiharmu hukumar NAGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, kuma tana da ofis a Lafiya. Ku ɗauki safiyo mai lasisi ya auna filin, ya tabbatar da duwatsun iyaka, sannan ku nemi a bincika muku: sunan wa ke kan fayil, an jinginar da shi a banki, ko gwamnati ta ware wurin don hanya ko makaranta? Ku kuma leƙa Hukumar Raya Birane ta jiha, mai amincewa da zanen gini, ku ji ko za a yarda a gina gidan zama a wurin. Ku ɗaga kai ku dubi sama ma. Babban layin wuta mai ƙarfin 330kV, irin wanda ke shiga tashar Akurba, ana ware masa faɗin mita 50 da ba a gini a ciki.

Yaya ƙasar take da damina?

Nan ne maganar ta shafi lafiyar iyali kai tsaye. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Ku je a watan Agusta ko Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba ku iya jira, ku dubi gindin katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zane a jiki. Ku lura da kwazazzabo a kusa, domin zaizayar ƙasa na cin unguwanni a garin nan, ku kuma yi hattara da wuraren da ke gangarawa rafin Amba. Ruwan da ya kwanta mako guda zuwa kwana goma ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Ɗaki mai danshi kuma yana tayar da asma, musamman ga yara.

Sai batun rijiya. Ana ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe. Fulotin da muka saba saye, ƙafa 50 da 100, tsawonsa duka bai wuce mita 30 da ɗoriya ba. Ke nan dole ku san inda maƙwabta suka haƙa nasu ramin kafin ku san inda ruwan shanku zai fito. Taifot da amai da gudawa ta wannan hanya suke shiga gida. Ku duba kuma ko akwai juji a kusa, da ko mota za ta iya shiga layin da tsakar dare in naƙuda ta tashi.

Ranar biya

Lauya ya rubuta yarjejeniyar, da girman filin da iyakokinsa da shaidun ɓangarorin biyu. Ku tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai filin da sunansa, ku karɓi rasit da takardun asali a zaman. 'Yan'uwa mata, in kuɗinki ne ko na adashenki, a rubuta sunanki. Wanda ya ce sai yau ko ya sayar wa wani, ku bar shi ya sayar. Araha ba ta ado. Bayan saye ku fara neman takardar mallaka nan da nan, ku kuma kewaye wurin ko da bulo layi uku ne.

Ita Mama na mayar da ita wurin likitanta ya ƙara mata magani, maganar filin kuma tana hannun lauya. Ta ce da ta san kuɗin bincike bai kai abin da ta kashe a zirga-zirgar wata ɗaya ba, da ba ta yi gaggawa ba. Allah Ya warware mata, Ya ba mu muhalli mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.