Mokolo: Rijiyar Tallafi Ta Ƙafe, Wa Zai Ɗauki Nauyin Shari'a?

A watan Yunin 2025 ƙungiyar NRC ta ƙasar Norway ta sa Kamaru a kan gaba cikin ƙasashen da duniya ta manta da 'yan gudun hijirarsu. Watanni biyar kafin nan, ranar 20 ga Janairu, Donald Trump ya dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje, daga baya aka rufe hukumar tallafin ƙasar, USAID. A Mokolo, hedikwatar Mayo-Tsanaga, inda sansanin Minawao ke ɗauke da 'yan Najeriya sama da dubu 70, kowa ya ɗora laifin ƙafewar tallafi a kan Amurka. Amma ciwon ya girmi Trump. Janyewarsa ta yaye zanen ne kawai.

Tun da aka buɗe Minawao a 2013, yawancin kuɗin da ke shigowa yankin na gaggawa ne: buhun shinkafa, tamfal, famfon burtsatse, maganin tamowa. Irin wannan kuɗi wa'adinsa gajere ne, galibi shekara ɗaya, kuma mai bayarwa ƙidaya yake so ya gani a rahoto. Buhu ana iya ƙirga shi, a ɗauke shi hoto. Shari'a kuwa ba ta san wa'adin kwangila ba.

A ɗauki yaron da aka haifa a kan duwatsun Mandara, iyayensa suka gudo Koza ba takarda ko ɗaya. Ya kai ajin ƙarshe na firamare, malami ya ce ba zai zauna jarrabawar CEP ba sai da takardar haihuwa. Lokacin rajista a ofishin magajin gari ya wuce tuntuni, saura hanyar kotu: likita ya ƙiyasta shekarunsa, uba ya nemo shaidu, ya biya kuɗin mota da na takardu, ya jira ranar zama. Manomin da gonarsa ke bakin iyaka, wadda ko leƙa ta ba ya iyawa, ina ya ga wannan kuɗi? In aiki na wata ƙungiya ya kawo alƙali ƙauye, a yi wa ɗaruruwa a yini guda. In kwangilar ta ƙare, sai a koma gidan jiya.

Wanda aka kama kuma nasa ya fi tsanani. Dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamban 2014 ta miƙa irin waɗannan shari'u ga kotun soja, ta yankin kuwa tana Marwa, inda Amnesty ta samu fursunoni fiye da dubu a kurkukun da aka gina don mutum 350. Kisan mata biyu da 'ya'yansu a Zelevet, cikin Mayo-Tsanaga, sai da bidiyo ya zaga duniya a 2018 kafin aka yanke wa sojoji huɗu shekara goma-goma a Satumban 2020.

Su wa za su nemo kuɗin wannan aiki na taimaka wa talaka a gaban shari'a? A taron Istanbul na 2016 manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin ɗari ga ƙungiyoyin gida, alkawarin da bai cika ba. Ƙaramar ƙungiya a Mokolo ana neman ta da takardar buƙata cikin Faransanci ko Turanci, da rahoton mai binciken kuɗi na shekaru, da shaidar ta taɓa riƙe miliyoyi. Ƙarshenta sai ta zama 'yar ƙwadagon babbar ƙungiya. ALDEPA ta Marthe Wandou a Marwa ta tsallake wannan katanga, amma tun 1998 take aiki, Marthe kuma ta ci lambar Right Livelihood a 2021. Nawa ne irinta? Gwamnati ma ba ta sauƙaƙa ba: a Disamban 2024 minista Paul Atanga Nji ya dakatar da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta REDHAC da wasu ƙungiyoyi bisa zargin kuɗin waje.

Masu ba da kuɗin na da hujjarsu. Bayan harin 'yan ta'adda na Nguetchewe a Agustan 2020 da na Mozogo a Janairun 2021, ba wanda ya nemi lauya kafin tuwo, kuma tsoron a yi sama da faɗi da kuɗi ba ƙarya ba ne. Sai dai gaggawar da ta haura shekara goma ta zama zaman yau da kullum.

Babban laifin na gwamnatin Yawunde ne. Rajistar haihuwa da lauyan talaka aikin hukuma ne, ba sadakar baƙo ba. Tun Afrilun 2009 Kamaru ke da dokar taimaka wa marasa hali a gaban shari'a, wadda ta tanadi kwamiti a kotuna, har da na soja. Kuɗin wannan kwamiti da na zaman kotu a ƙauyukan Mayo-Tsanaga daga kasafin ƙasa ya kamata su fito.