Katin dangwale: shin ɓarawo zai iya kwashe maka kuɗi daga aljihu?

Duk wanda banki ya ba shi sabon katin ATM a 'yan shekarun nan, ya duba fuskarsa, mai yiwuwa ya ga wasu lanƙwasassun layuka huɗu, kowanne ya fi na bayansa girma. Alamar na nufin katin yana biyan kuɗi ba sai an zura shi cikin na'urar POS ba, dangwala shi kawai za a yi. Tun da irinsa ya fara yawa ake yaɗa saƙonni a WhatsApp cewa ɓarawo zai iya raɓar mutum a cunkoson Kantin Kwari ko a tashar mota, ya goga masa POS a aljihu, ya share asusunsa kakaf. Na ji wannan tsoro ya sa wasu sun ƙi karɓar katin. Maganar ta haɗa gaskiya da ƙarya, kuma ya kamata a tsefe su.

Katin ba shi da batir. Wani siririn zaren waya ne a jikinsa, wanda ke samun ƙarfi daga na'urar da ke karanta shi ta fasahar NFC, kuma tazarar ba ta wuce kimanin santimita 4. Zancen cewa daga can nesa, ko daga wata mota, za a ja maka kuɗi, ƙarya ce.

To idan ɓarawon ya matso har ya taɓa aljihu fa? A fasahance abin zai iya yiwuwa, amma a duba abin da zai ci karo da shi. POS ba tsabar kuɗi take zuba wa mai ita ba. Kuɗin na faɗawa ne cikin asusun da aka yi wa rajista da suna da BVN, wato ɓarawon ya bar sawu a banki. Na san 'yan damfara kan buɗe asusu da sunan wasu, amma irin wannan asusu ba ya daɗewa da zarar koke ya fara shigowa. Sannan ga iyaka. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin wannan tsari, ya ce abin da za a biya ba tare da lambar sirri ba kada ya wuce naira 15,000 a ciniki ɗaya, da naira 50,000 a rana. Abin da ya haura haka sai an tantance mai katin. Ƙa'idojin sun kuma ce sai da yardar mai asusu za a kunna masa tsarin, kuma yana da damar cewa a kashe. Birtaniya ma ta sanya irin wannan iyaka, wadda aka ɗaga zuwa fam 100 a watan Oktoban 2021. Saboda haka batun share asusu kakaf da goga ɗaya ba gaskiya ba ne.

Haka ma cewa za a kwafi katin a ƙera irinsa. Duk lokacin da aka dangwala, ƙwaƙwalwar katin na ƙirƙirar wata lamba ta musamman domin wannan cinikin kaɗai, ba ta sake aiki. Lambar sirrinka ba ta fita ta iska, lambobi ukun da ke bayan katin ma haka. Tsohon baƙin layin da ake gogawa shi ne mai sauƙin kwafa.

Amma masu jita-jitar suna da inda suka dace, kuma ba daidai ba ne a ɓoye. Ana iya karanta doguwar lambar kati da ranar ƙarewarsa. A 2015 ƙungiyar kare masu sayayya ta Which? a Birtaniya ta gwada hakan da na'ura mai araha, har ta yi amfani da bayanan ta sayi talabijin ta fam 3,000 a wani shagon intanet da bai nemi lambobin bayan kati ba. A 2021 masu bincike a jami'o'in Birmingham da Surrey sun nuna yadda za a cire fam 1,000 daga kullalliyar wayar iPhone mai ɗauke da katin Visa da aka saita domin biyan kuɗin jirgin ƙasa. Waɗannan gwaje-gwajen masana ne, suna buƙatar kayan aiki da ƙwarewa, amma sun isa hujja cewa tsarin ba tsarkakakke ba ne. Wanda ya naɗe katinsa da takardar alminiyom ko ya sayi walat mai tare sigina bai yi wauta ba, domin suna tarewa da gaske.

Sai dai ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Babban haɗarin wannan kati shi ne ɓacewarsa. Wanda ya tsince shi, ko ɗan sane da ya zare shi, zai iya shiga kantin da ke karɓar dangwale ya yi ta ƙananan sayayya har iyakar ta cika, ba wanda zai tambaye shi lambar sirri. Naira 50,000 kuwa kuɗi ne ga mai neman na cefane. Haɗari na biyu shi ne gaggawa: mutum ya dangwala bai karanta adadin da mai kanti ya rubuta ba.

Damfarar da ke cin mutanenmu kullum kuma tsohuwa ce. Wani ya kira ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da aka turo. Wani ya musanya wa dattijo kati a bakin ATM da sunan taimako. Wani mai POS marar amana ya karɓi kati ya ɗauki hotonsa gaba da baya. A wannan na ƙarshen, dangwalen ma kariya ce, tunda katin ba ya barin hannunka.

Don haka, mai karatu, ka kunna alat a wayarka, ka haddace lambar da bankinka ya tanada domin toshe kati, ka toshe shi a take idan ya ɓace, kada ka jira gari ya waye. Idan hankalinka bai kwanta ba, ka je banki ka ce a kashe maka dangwalen, haƙƙinka ne. Kuma don Allah, kafin ka tura wa 'yan uwa saƙon tsoratarwa, ka tura musu wannan iyaka ta naira 15,000 da 50,000 tare da shi.