"Alhaji Ya Zube": Gaskiya da Ƙarya a Zancen Rama Tsakanin Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan kanal zuwa filayen Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, noma a wannan yanki ya daina jiran damina. Shinkafa, alkama lokacin sanyi, tumatir, albasa, masara, shekara cif ana cikin gona. Wanda ya fara da dashe cikin taɓo, in Allah ya buɗa masa, sai ya koma ɗaukar 'yan ƙwadago, daga nan ya zama dillalin shanshera ko mai injin casa. Sunkuyo ya ƙare, zaman benci ya kama. Tafiyar ƙafa ta koma ta mashin, ta mashin ta koma ta mota. Abinci kuwa ƙaruwa ya yi: shayi mai kauri da biredi da safe, shinkafa da mai da rana, tuwo da dare, lemon kwalba a tsakani. Tumbi ya fito, gari ya shaida cewa Alhaji ya samu.

Sai wata rana jiri ya kwashe shi a bakin kasuwa. A asibiti aka ce suga ne da hawan jini, likita ya ce sai ya rage jiki. Ya ji magana. Ya bar lemo, ya rage malmala, ya koma zagaya gonakinsa da ƙafa bayan asuba. Kafin shekara kilo 15 ko 20 sun tafi. Daga nan gaisuwa ta canja salo.

"Alhaji, lafiya kuwa? Jinya ka yi ba mu ji ba?"

"Yaya, wallahi ka zube. Ka dubi wuyanka fa."

Waɗannan masu faɗa a gaban ido ke nan, kuma su ne masu sauƙi. Na bayan ido su ne masu yanke hukunci: ciwon zamani ne, an yi masa hannu, kuɗin mutane ya ci ya karye, ƙwaya yake sha. In mace ce, sai gwaggo ta ja ta ɗaki a gidan biki: "Ke 'yar nan, faɗa mini gaskiya, ba ya ba ki abinci ne, ko abokiyar zamanki ce ta sa ki gaba?"

Abin da ya sa irin wannan zance ke da wuyar kashewa shi ne ba duka ne ƙarya ba. Sai an zauna an tsince shi.

Na farko da ya kamata a amince wa masu magana: rama tana iya zama alamar ciwo. Likitoci na da ma'auninsu. Idan mutum ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata 6 zuwa shekara, ba tare da ya nemi hakan ba, sai a bincika. Mai kilo 80 da ya tarar da kansa a 75, bai rage ci ba, bai ƙara aiki ba, ya kamata ya je asibiti. Amma a lura da sharaɗin: bai nema ba. Ramar da mutum ya shirya wa, ya san ranar da ya fara da dalilinsa, daban take da wadda ta faɗo masa yana ji yana gani. Ido kuwa ba ya rarrabe su. Babu mai sayen shinkafa a Kura da zai biya kuɗin buhu don ya hango shi daga nesa. Sai ya soka, ya ɗebo a tafin hannu, ya murza, ya kai ƙwaya baki ya ciza ya ji bushewarta. Mutumin nan ne kuma zai hango maƙwabcinsa daga tsallaken titi ya faɗi sunan ciwonsa.

Zargin ƙanjamau shi ne mafi muni, kuma shi ne mafi rauni. A shekarun 1990, kafin magani ya wadata, mutane sun ga yadda cutar ke cinye jiki, hoton kuma bai bar zukata ba. Amma duniya ta wuce nan. Yau mai ɗauke da ƙwayar cutar, in yana shan maganinsa, wanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati, yana nan da jikinsa sumul, wani ma da tumbinsa. Wanda bai san yana da ita ba ma yana iya shekaru babu alama ko ɗaya. Wato ƙiba ba ta wanke kowa, rama ba ta kama kowa. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6. A lissafa ramammun da ke kowace unguwa, a ga ko lissafin majalisa zai fita. Gwajin jini na 'yan mintoci ne kaɗai ke raba gardama, shi ya sa ma dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta ce a yi gwaji kafin aure, ba ta ce a duba kumatun ango ba. Akwai kuma dokar tarayya ta 2014 da ta haramta nuna wa masu cutar wariya. Ni abin da ya fi damuna a wannan zargi shi ne abin da ke ƙunshe a bayansa: a bakin mutanenmu, faɗin haka kusan jifan mutum ne da alfasha, alhali cutar na iya zuwa ta ƙarin jini, ta askar da ba a tsaftace ba, ko daga uwa zuwa jariri.

Ciwon da ya fi cancanta a tuna idan mutum na zubewa, masu gulma ba su cika ambatonsa ba: tarin fuka. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu shi a duniya. Tarin da ya kai mako 2, zazzaɓin yamma, gumin dare har ya jiƙa shimfiɗa, rashin son abinci, ga rama. Gwajin majina kyauta ne, maganin wata 6 ma kyauta ne, a asibitin Zana da ke Kano da sauran cibiyoyin da aka ware a ƙananan hukumomi. Sai suga da ba a gano ba: ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari sau da yawa cikin dare, ana ci ana ramewa. Akwai ciwon maƙoƙon da ke sa zuciya bugawa da sauri, hannu na rawa, mutum na jin zafi ko da hunturu. Akwai daji, akwai damuwa mai hana ci da barci. Kowannensu yana da alamomin da ke rakiyar ramar. Mai rage jiki da gangan akasin haka yake ji: numfashi ya daidaita, gwiwa ta daina ƙara a sujada, barci ya yi daɗi.

Wasu kuma su ce, "Ruwan kanal ne." Wannan rabinsa gaskiya ne. Ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan ban ruwa suna ɗauke da tsutsar da ke kawo tsargiya, mai shiga ta fatar wanda ya tsaya cikin ruwa: mai dashe, mai wanki, yaran da ke wanka. Tana sa fitsarin jini, tana rage jini a jiki, tana hana yaro girma yadda ya kamata. Tsohon zancen nan cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji ƙarya ne tsagwaronta. Ciwo ne, maganinsa kuma ƙwaya ce mai suna praziquantel da ake rabawa har a makarantu. Sauron da ruwan kwance ke tarawa rani da damina shi ma yana cin jiki da zazzaɓi. Amma tsargiya ba ta sauke wa dattijon da ya shekara 10 bai taka taɓo ba kilo 20. Haka ɗan ƙwadagon da ya faɗa lokacin yankan shinkafa, balle in ya haɗu da azumi, aiki ne ya ci shi, hutu da abinci za su mayar.

Zancen ƙwaya kuwa, kowa ya san akwai matasan da ke haɗiyar tramadol don su jure aikin gona, kuma ba a manta yadda gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 ba. Shaye-shaye na ramarwa. Sai dai yana zuwa da abokan tafiya: magana ta canja, alƙawari ya lalace, kuɗi su riƙa ɓata a gida. Mutumin da ke sahun farko a masallaci, cinikinsa na tafiya daidai, ba shi aka kwatanta ba.

Sammu da jifa ba zan tsaya jayayya a kansu ba. Addu'a da azkar ba su hana awon jini. Abin da ke kashe mutane shi ne wata shida ana turare da rubutu, tarin fuka na cin huhu, 'yan ɗaki ɗaya na shaƙa.

Tambayar gwaggo fa, ta "ba ya ba ki abinci"? Kada a yi saurin yi mata dariya. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abinci ya yi tsada, kuma akwai matan da ke turara shinkafar wasu daga safe zuwa yamma, tasu tukunyar ba ta cika ba. Mai shayarwa da ke ciyar da yara kafin ta ci tana iya faɗawa ƙwarai. In haka ne, abin da ke gaban gwaggo shi ne ta aika kwanon shinkafa da mai a asirce, ko ta sami mijin ta yi masa magana irin ta manya. Amma akwai kuma matar da ungozoma ko likita ya ce ta rage jiki saboda hawan jinin da ya kusa halaka ta a cikin da ya wuce. Ita wannan, duk "kin lalace" da aka faɗa mata tura ta ake yi wajen abin da ta tsere wa.

Nan ne bakin mutane ke yin ɓarnar da ake iya gani. Wadda aka dama da magana sai ta nufi kemis ko mai tallan magani a kasuwa ta nemi "sha ka fashe". Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna dexamethasone ne, ko cyproheptadine mai buɗe ciki da sa barci. Na farkon ba lafiya yake ƙarawa ba: yana tara ruwa, fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa su sirance. Yana ɗaga suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana karya garkuwar jiki har tarin fukan da ke kwance ya tashi. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, sai likita ya sauke shi a hankali. Kumatun da ake yi wa barka a gidan suna, wani lokaci wannan ne.

Ita kuwa maganar cewa ƙiba lafiya ce, rage ta kuma asara, bincike ya riga ya amsa. A wani gwaji mai suna DiRECT da aka yi a Birtaniya, aka fitar da sakamakonsa a 2017, kusan rabin masu suga irin na manya da aka sa wa tsarin rage nauyi sun wayi gari bayan shekara sugansu ya sauka ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 cikin 100 ne. Mutanen ba su daɗe da kamuwa ba, kuma a hannun ma'aikatan lafiya aka yi, don haka ba izini ba ne ga kowa ya watsar da maganinsa. Amma ya isa ya nuna cewa Alhajin da ake yi wa jaje wataƙila barka ya kamata a yi masa.

Gaskiya ne kuma, mai rage jiki da yawa kan yi kamar ya tsufa da farko. Fatar da ta shekara ashirin a miƙe ba ta komawa cikin wata uku: wuya ya saki, kumatu su faɗa, gashi ma kan zuba na ɗan lokaci, ga jin sanyi. Tsofaffin kaya kuma su ƙara tona asiri. Babbar rigar da aka ɗinka wa mai kilo 100 in ta hau mai 80, kafaɗa ta zamo, wuyan riga ya yi hamma, hula ta nutse har kunne, ko lafiyayyen doki ne sai an ce jinya ya yi. Kai kaya biyu ko uku wajen tela ya rage yana kashe rabin surutun. Gaggawa ce ba ta da kyau: rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne abin da likitoci ke so. Shayin rage tumbi da ake talla a waya yawanci gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, ƙoda kuma ita ke biyan bashin.

Amsa ba ta buƙatar tsawo. Ga babba: "Alhamdu lillahi Baba, likita ne ya ce in rage, kuma na ji daɗin jikina." Ga aboki mai zolaya, zolaya ta ishe shi. Ga mai naci, "na gode da kulawa" sannan a shiga zancen farashin taki. Ba dole ba ne mutum ya baje takardar gwajinsa a majalisa. Wanda ya ƙudurta zargi zai ce sayo ta aka yi. Waɗanda suka cancanci cikakken bayani su ne na cikin gida, musamman mai girki, domin ita ake fara zargi, ita ce kuma za ta rage man.

Malamai sun sha karanta mana Suratul Hujurat, inda aka hana izgili da mugun zato da cin naman ɗan'uwa. Akwai ma labarin da ya fi kusa da wannan batu: Abdullahi ɗan Mas'ud, siririn mutum ne, ya hau bishiya ya karyo asuwaki, iska ta bayyana ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da su cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani.

Shi ma mai ramar akwai abin da ke kansa. Ya riƙa hawa sikeli sau ɗaya a wata yana rubutawa. In ya kai inda likita ya ce ya tsaya, ya koma ci daidai, amma nauyi ya ci gaba da sauka, ko tari ya kama shi, ko ƙishirwa da yawan fitsari suka dawo, ko ya ga jini a fitsari ko bayan gida, to wannan ba tsarinsa ba ne kuma. Ya nufi Babban Asibitin Kura ko cibiyar lafiya mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.