Wa Ya Dagula Haruffan Girka?

Wani ƙaramin ofishin fassara ya daɗe yana juya takardun bayanin injuna daga Turanci zuwa Girkanci. Duk jimlar da aka fassara, manhajarsu takan adana ta a rumbun bayanai na MySQL, don kada a maimaita aiki. Sai suka sabunta manhajar. Turancin ya fito lafiya lau, amma Girkancin ya zama shirme. Inda ya kamata a ga ναι, wato "e" da harshensu, sai ga Î½Î±Î¹.

Zargin farko ya faɗa kan salon haruffan kwamfutar. Aka sauya, shiru. Dama ba a nan gizo ke saƙa ba, domin kwamfutar da ta rasa harafi ɗan akwati take nunawa a gurbinsa.

Sai aka koma kan tsofaffin tsare-tsaren Girkanci. Kafin Unicode ta kankama, Girkawa suna rubutu da ISO 8859-7 na 1987 ko Windows-1253, kuma a dukkansu harafi ɗaya bayit ɗaya yake ci. Da su ne masu laifin, haruffa uku za su lalace su ba da uku. Mai gyaran da aka kira ya ƙirga: uku sun koma shida. Ya duba sauran layukan, ya ga kusan kowane harafi ya rabu biyu, kuma na farkon bai wuce Î ko Ï. Wannan sawun UTF-8 ne, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙira a 1992, wanda ke ba kowane harafin Girkancin zamani bayit biyu. Alfa, misali, CE da B1 ne. In aka karanta su ɗaya-ɗaya da idon harsunan Yammacin Turai, CE zai zama Î, B1 ya zama ±. Ashe rubutun yana nan daram, karatun ne ya karkace. Mu ma mun san wannan ciwo, domin ta haka ne ƙ ɗinmu ke komawa Æ™ a wasu saƙonni.

To da wane tsari aka karanta? Harafin π ne ya tona asiri, domin yana fitowa Ï€, da alamar kuɗin Yuro a manne. Cikin tsare-tsaren Yammacin Turai, babu wannan alama a ISO 8859-1, amma tana cikin Windows-1252, wanda shi ne MySQL ke kira latin1. Aka leƙa teburin rumbun, ga latin1 rubuce ɓaro-ɓaro. Ba wani ne ya zaɓe shi ba. Shi MySQL ke ɗorawa da kansa kafin fitowa ta 8.0 a 2018 ta koma utf8mb4, wato UTF-8 a wurin MySQL.

Saura abin da ya fi ɗaure kai: me ya sa tsawon shekaru ba wanda ya ga aibu? Tsohuwar manhajar tana tura UTF-8, amma tana gaya wa rumbun cewa latin1 ne. Rumbun ya karɓa ya ajiye bai taɓa komai ba, in an nema ya mayar yadda aka ba shi. Kuskuren shiga da na fita suka rufa wa juna asiri. Sabuwar kuwa gaskiya ta faɗa, ta ce utf8mb4 take so, shi kuma rumbun ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafin Latin ya juya mata.

Nan ne gaggawa ke jawo asara. Wani ya ce a ba da umarnin CONVERT TO CHARACTER SET a huta. Da an yi, da shirmen ya tabbata a cikin rumbun, alfa ta koma bayit huɗu. Mai gyaran ya fara kwafe komai ya ajiye gefe. Sannan ya mayar da gurbin rubutun BLOB, wato tsurar bayit marar suna, daga nan ya sake mayar da shi rubutu da sunan utf8mb4. Bayit ko ɗaya bai motsa ba, laƙabi kawai aka canja. ναι ta dawo.

Sai dai wasu layuka sun ƙi, ba komai cikinsu sai ????. Ranakun shigarsu suka ba da amsa: duk bayan sabuntawar aka rubuta su. Sabuwar manhajar ta kawo Girkanci na gaskiya, latin1 ba shi da gurbinsa, rumbun kuma ba a saita shi ya ƙi karɓa ba, sai ya zuba alamar tambaya. Waɗannan babu dabarar da za ta farfaɗo da su, dole masu fassara suka sake su daga tushe.

Mai karatu, in ka ga Î da Ï a rumbunka, rubutunka na nan, kwafe shi kafin ka taɓa komai. In alamar tambaya ce, dakatar da shigar da sabon aiki yau ɗin nan.